Tsakanin Furen Ingila da Lemun Giref: Wanne Ya Dace Mu Shuka a Nan Kudu?

Gaisuwa ga 'yan'uwana mazauna Kudu, na Sabon Ibadan da na Shagamu, na Agege da Idi-Araba, har da na can Ama-Hausa a Owerri, da duk inda neman halali ya ajiye mu. Ya kasuwa, ya iyali, ya kuma haƙuri da zaman baƙunta?

Yau ba maganar goro ko shanu ko canji na zo da ita ba, maganar shuka ce. Akwai tsirrai guda biyu da nake son mu ajiye su kusa da juna mu duba yadda ake renon kowannensu. Na farko wani ɗan fure ne ruwan ɗorawa da ke fitowa a makiyayar Ingila da sauran ƙasashen Turai, mutanen Ingila suna ce masa kawsilif, masana tsirrai kuma suna kiransa Primula veris. Na biyu kuwa kusan kowa a nan ya san shi, wato babban lemun nan mai ɗan ɗaci da ake ce wa giref a kasuwannin Kudu, wanda ba abin da ya haɗa shi da inabi ko da yake a Turanci sunayensu sun yi kama.

Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, abin da ya haɗa su shi ne wani hali da na lura da shi a tsakaninmu. In Allah Ya hore wa ɗayanmu ya yi gini a nan Kudu, abu na farko sai ya malale tsakar gida da siminti kaf, ya bar ɗan siririn wuri a jikin katanga don fulawa. Daga nan sai a shiga neman irin furannin Turai, ko ta intanet, ko ta hannun yaron da ke karatu a Ingila ya taho da 'yan ambulan masu hoto mai kyau a jiki. A shuka, a yi ta ban ruwa, shiru. Sai a ce mai kula da fulawar ne bai iya ba, ko ƙasar gidan ce ba ta da kyau. Itacen da ƙasar nan take maraba da shi kuwa, wanda zai ba da inuwa da 'ya'ya shekara da shekaru, ba wanda ya waiwaye shi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, mu bar wa Ingila furenta, mu dasa lemu. Ga dalilaina.

Bari mu fara da kawsilif a can gidansa. Ɗan tsiro ne da tsawonsa bai cika wuce santimita 25 ba, ganyensa na kwance a ƙasa, sai kara guda ya tashi daga tsakiya ɗauke da tarin ƙananan furanni da suka sunkuya gefe ɗaya. A watan Afrilu da Mayu yake fure. Sunan nasa ma daga tsohon Turanci ya samo asali, ma'anarsa kashin shanu, saboda a wuraren kiwo aka saba ganinsa. Mai son ya shuka shi a Ingila yakan watsa irin ne a ƙarshen shekara, wajen Satumba zuwa Nuwamba, a saman ƙasa ba tare da ya binne shi sosai ba, sannan ya bar shi a waje sanyi ya yi ta dukansa. Nan sirrin yake. Ƙwayar irin kawsilif barci take yi, kuma ba abin da ke tada ta sai ta yi makonni a cikin damshi da sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, wato tsakanin digiri 0 zuwa 5. Sai bayan wannan sanyi ya wuce, gari ya fara ɗumi, take tsirowa. Ko ta tsiro ɗin ma, yawanci sai shekara ta zagayo kafin a ga fure.

Bayan haka yana son ƙasa mai damshi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, musamman mai dutsen alli, yana son rana mai sauƙi irin ta can ko 'yar inuwa kaɗan. Abin mamaki, a makiyaya taki ba gata ba ne a wurinsa. In aka zuba wa fili takin zamani, ciyawa ce ke tashi da ƙarfi ta rufe shi ta kashe. Haka nan ba a yanke ciyawar wurin sai wajen Yuli, bayan ya gama zubar da iri. Wanda ke da shi a lambu kuma, in gindin ya yi kauri bayan 'yan shekaru, sai ya tono shi ya rarraba ya sake dasawa.

Akwai kuma wani abu da Charles Darwin ya yi nazari a kai, ya fitar da bayaninsa a 1862, ya faɗaɗa shi a wani littafi a 1877. Furen kawsilif iri biyu ne. A wani gindin sashen mace ne dogo, na namiji gajere, a wani gindin kuma akasin haka. Iri ba ya yin kyau sai ƙudan zuma da makamantansu sun ɗauki garin fure daga wannan nau'in sun kai wa wancan. Ke nan ko gindi ɗaya ya rayu maka, ba zai yaɗu yadda ya kamata ba sai da ɗan'uwansa a kusa.

Kai, ko a gidan nasa ma furen nan ya sha wuya. Wani bincike da aka buga a 1987 ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1984 Ingila da Wales sun rasa kimanin kashi 97 cikin ɗari na tsofaffin filayen ciyawarsu na asali, saboda garma da takin zamani da maganin ciyawa. Kawsilif ya yi ƙaranci ƙwarai a wancan lokaci, har sai da aka koma ana watsa irinsa da gangan a gefen manyan hanyoyi.

To jama'a, ku ɗauki wannan tsiro ku kawo shi Ibadan ko Legas. Ina za a samo masa sanyin digiri 5 na makonni? Hunturun da ke sa mu neman rigar sanyi a watan Disamba da Janairu, a wurinsa ko kusa bai kai ba. Wani zai ce ai sai a sa irin a firij. Gaskiya ne, ana yin haka, kuma zai iya tsirowa. Amma firij ƙwayar kawai zai yi wa aiki. In ta tsiro ka fito da ita, zafin Fabrairu da Maris na jiranta, ga ruwan Yuni da Yuli mai ruɓar da saiwa, ga shi kuma babu lokacin sanyin da za ta huta ta tara ƙarfin yin fure. Tsawon yini ma ya bambanta. A Ingila yinin Disamba bai fi awa 8 ba, na Yuni ya haura awa 16, mu kuwa a nan kusan awa 12 ne shekara duka. Ba laifin mai ban ruwa ba ne, ba kuma laifin ƙasar gidanka ba ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Yanzu mu juya ga giref. Tarihinsa kaɗai ya isa ya ja hankalin ɗan ci-rani. Iyayensa biyu, wato lemun zaƙi da wani ƙaton lemu da ake kira pomelo, duk 'yan asalin nahiyar Asiya ne. Jiragen ruwa suka kai su tsibiran Karibiyan, a can suka haɗu suka haifar da shi. Wani limamin coci mai suna Griffith Hughes ne ya fara rubuta bayaninsa a tsibirin Barbados a 1750. A 1823 aka kai shi Florida ta Amurka. Mai jan ciki da ake kira Ruby Red kuma a wata gona a Texas aka tsince shi a 1929. Ka ga ke nan itace ne da aka haifa a baƙunta, ya kuma yi ta yaɗuwa a duk inda ya sami zafi da ruwa.

Duk abin da kawsilif ke gudu, shi giref ke so. Sanyin da ke tada wancan daga barci, shi ke lalata 'ya'yan wannan, domin da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da digiri 2 ko 3 na wasu awoyi, an yi asara. A cikin dangin lemu yana daga cikin waɗanda suka fi son zafi. A ƙasashe masu zafi 'ya'yansa kan nuna cikin wata 7 zuwa 8 bayan fure, kuma sun fi zaƙi, a wurare masu sanyi kuwa sai su haura shekara suna rataye. Abu ɗaya da ya kamata a sani shi ne, a nan ɓawonsa kan zauna kore-kore ko da ya nuna, saboda sanyin dare ne ke juya launin ɓawon lemu. Don haka kada a jira ya yi launi irin na hoto. A tsinko ɗaya a ɗanɗana.

Yadda ake dasa shi ba wani abu ne mai wuya ba, amma akwai ƙa'idoji. Na farko, a nemi dashe mai aure, kamar dai yadda muka sani a mangwaro. Wanda aka shuka daga ƙwallo kan yi shekara 7 ko fiye kafin ya haihu, ga ƙaya, ga tsawon banza. Mai aure kuwa cikin shekara 3 zuwa 4 ya fara. Auren nan, ana ɗaukar idon giref mai kyau ne a ɗora a kan gindin wani lemu mai juriya, irin su tanjirin da ake kira Cleopatra, sai ya zamana saiwar ta jure ƙasa da cuta, saman kuma ya ba da 'ya'yan da ake so. Mu na Ibadan ma Allah Ya kawo mana abin har gida, domin cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a 1975, tana nan Idi-Ishin, kuma lemu na cikin manyan ayyukanta. Wanda ke nesa ya nemi masu renon dashe da aka yarda da su, ya kuma duba wurin auren da idonsa kafin ya biya.

Na biyu, wuri. Yana son rana tun daga safe har yamma, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ke wucewa. Kada a sa shi a kwari inda ruwa ke kwana. Itace ne da kan kai mita 5 zuwa 6, wani ma ya fi, saboda haka a bar kamar mita 7 tsakaninsa da wani itacen, a kuma nisanta shi daga katanga da ramin masai. A haƙa rami kamar santimita 60 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a dasa a farkon damina in ruwa ya zauna, wajen Afrilu zuwa Yuni. Wurin auren ya kasance a sama da ƙasa sosai. Kada a tara masa ƙasa a wuya kamar kunyar doya, domin haka ke jawo cutar nan da ke sa ɓawon gindi ya tsage yana zubar da ƙaro har itacen ya bushe.

Na uku, reno. Shekara biyu ko uku na farko sai an ba shi ruwa da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, a jiƙa shi sosai sau ɗaya ko biyu a mako, wanda ya fi a riƙa yayyafa masa kullum. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye, amma kada ta taɓa gindin. Shi kam maci ne, yana son taki, na kaji ko na shanu da ya ruɓe, ko na zamani a raba shi kashi biyu ko uku cikin damina. Taki kuwa ai ba mu da matsalarsa, tunda kara da mayanka duk a hannun mutanenmu suke. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi saman. A kuma kewaye shi, domin akuya ba ta san kuɗin dashe ba. 'Ya'yan da suka faɗo a tsince a binne su da zurfi saboda ƙudan da ke yin ƙwai a ciki.

Ba zan ce ba shi da abokan gaba ba. Akwai wata cuta da wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci. An gano ta a Florida a 2005. Ita da guguwa suka durƙusar da noman giref a can, daga akwati sama da miliyan 40 a kakar 2003 zuwa 2004, ya koma ƙasa da miliyan 2 a kakar 2022 zuwa 2023. A 2020 masana suka ba da rahoton ganin wannan ƙwaro a Jihar Oyo. Wannan ƙarin dalili ne na kada mutum ya sayi dashe a hannun wanda bai san inda ya samo shi ba.

Sai gargaɗi ga dattawanmu. A 1989 wani masani a Kanada, David Bailey, ya gano cewa ruwan giref na hana jiki narkar da wasu magunguna yadda ya kamata, sai maganin ya taru a jini ya yi yawa. Cikinsu akwai na hawan jini irin su felodipine da nifedipine, da na rage kitsen jini irin simvastatin. Tasirin kan wuce yini guda, saboda haka ba a cewa in sha lemu da safe in sha magani da dare. Duk mai shan magani kullum ya tambayi likita kafin ya sha giref, ko ɗanye ko wanda aka dafa a cikin agbo.

To, in abin haka yake da sauƙi, me ya hana mu dasawa? A ganina ba rashin sani ba ne kawai. Mun taso da cewa baƙo raɓa ne. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, yau sama da shekara ɗari ke nan, akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, amma har gobe zancen shi ne in Allah Ya yarda baɗi za mu koma gida. Mai shirin tafiya baɗi ba ya dasa abin da sai bayan shekara 4 zai ci. Fure yake nema, abin da zai gani a wata uku.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha a 2021, inda mutane suka bar dukiyarsu suka tsira da kayan jikinsu. Itace ba ya shiga tirela. Haka ne, kuma Allah Ya kiyaye na gaba. Amma 'yan'uwa, gidan da muka gina ma ba ya shiga tirela, haka shago, haka masallaci, haka makarantar Islamiyya, kuma ba mu fasa ginawa ba. Kuɗin dashe ɗaya bai kai na buhun siminti ba. In ma an bar shi, wani zai ci, tsuntsu zai ci, kuma duk mun san matsayin wanda ya dasa itace aka ci daga gare shi a addininmu. Sannan maƙwabcin da kake aika wa kwandon lemu duk shekara, da wuya ya riƙa yi maka kallon wanda ya zo kwasa ya tafi.

Za a kuma ce yawancinmu haya muke yi, ko aron fili aka ba mu. Nan kam sai a yi hattara. A al'adar ƙasar Yarbawa dasa itace mai daɗewa, irin su koko da goro da kwakwar manja, alama ce ta mallaka, shi ya sa wanda aka ba aron gona ba ya dasa su sai da yardar masu ƙasa. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya haƙa rami a filin da ba nasa ba ya jawo mana fitina. A nemi izinin mai gida, a yi magana a fili gaban shaidu a kan wa ke da itacen, wa ke da 'ya'yan. Wanda ya mallaki fili da takardunsa kuwa ba shi da uzuri. Haka harabar masallatanmu da makarantunmu da gefen maƙabartunmu, waɗanda da yawansu ke nan fayau ba inuwa. Wannan aiki ne da Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai za su iya ɗauka ba tare da an kafa wata gidauniya ba.

Mai cewa shi ba ya son ɗacin giref, to ya dasa lemun zaƙi ko tanjirin ko lemun tsami, renonsu kusan ɗaya ne. Mai son kyan fure kuma ban ce ya yi laifi ba, ido ma yana da haƙƙi. Ga lalle nan mai ƙamshi wanda iyayenmu mata za su yi murna da shi, ga furanni kala-kala da masu sayar da fulawa ke jerawa a bakin titi, waɗanda sun riga sun saba da ranar nan da ruwan nan. Kawsilif kuwa, wanda Allah Ya kai shi Ingila a watan Afrilu ya je makiyaya ya more wa idonsa, ya ɗauko mana hoto.

Shawarata ita ce, kafin damina mai zuwa ta zauna, duk mai fili ya fasa simintin nan ko da mita ɗaya ne a inda rana ke samu, ya nemi dashe mai aure tun da wuri, ya sa yaran gidan su riƙa ba shi ruwa don su san nasu ne. Wanda ya riga ya dasa kuma ya nuna wa na kusa da shi yadda ya yi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a abin da muka shuka, Ya sa mu dace.